Mesarka ta ƙi cin abinci? Ga abin da za ka duba kafin ka tayar da hankalinka

Duk wanda ya ajiye ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa, wato ball python, wata rana sai ya tsaya a gaban akwatinta riƙe da ɓera a hantsaki ita kuma ta juya masa baya. Wannan kam babu makawa. A cikin macizan da ake kiwo a gida babu wadda ta kai ta suna wajen yajin cin abinci, kuma mafi yawan lokuta lafiyarta ƙalau, ko dai akwatin ne ba a daidaita ba, ko mai ita ne ya dame ta, ko kuma lokacinta ne kawai ya zo. Amma fa akwai ƙin cin da ciwo ne ke kawo shi, kuma aikinka duka shi ne ka iya bambance biyun ba tare da ka ƙara dagula mata lissafi ba.

Kafin mu shiga matakai ka fara sanin wace ce ita, don rabin amsar na nan. Asalinta 'yar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ce, tun daga Senegal, ta bi ta Mali, Ghana, Togo, Benin, Najeriya, Kamaru, Chadi har Sudan da Uganda. Waɗanda ke cike da shagunan dabbobi a Amurka da Turai kakanninsu daga Ghana da Togo da Benin aka kwashe su, har yau ƙasashen ukun ne manyan masu fitar da ita. A jeji wuni take a cikin ramin ɓera ko cikin suri, waje mai duhu mai ɗumi mai ɗan laima inda jikinta ke taɓa bango ta ko'ina, sai dare ya yi ta leƙo da kai ta jira abin da zai wuce. Ba mai yawo ba ce, ba ta ƙona ƙarfi da yawa, kuma in rani ya tsananta takan lafe a rami ta daɗe ba ta ci komai ba. To kaga halittar da aka yi ta haka, ka saka ta a akwatin gilas a tsakar falo da fitila a kanta da yara suna ƙwanƙwasa gilashin, sannan ka ce me ya sa ba ta ci.

Mataki na farko, sikeli

Kar ka fara da canza ɓera, ka fara da awo. Nemi ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram, ka ɗora roba mai murfi a kai ka mayar da shi sifili, ka saka mesar a ciki ka rubuta. Littafi guda ka ware mata, ranar da aka ba ta, me aka ba ta, nauyinsa nawa, ta karɓa ko ta ƙi, ranar da ta yi saɓa, ranar da ta yi kashi. Ido yana ruɗi wallahi, in hankalinka ya tashi sai ka riƙa ganin ta rame alhali ko giram 20 ba ta sauke ba.

Babba mai nauyin kilo 1 da rabi za ta iya yin wata uku, huɗu, har shida ba ta ci ba ta sauke ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Abin da masu kiwo da likitocin dabbobi suka fi tafiya a kai shi ne in ta sauke kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinta to magana ta fara canzawa. Wato mai giram 1,500 in ta koma 1,350 sai a fara neman likita. Ka tuna babbar mesa in ta yi bayan gida sau ɗaya kawai zai iya rage mata giram da dama a rana guda, don haka kar awo ɗaya ya firgita ka, yadda lambar ke tafiya cikin makonni ake dubawa. Awon ma kar ya wuce sau ɗaya a sati biyu ko uku lokacin da take yaji, don ɗaukar ma damuwa ce.

Sannan ka dube ta da kyau daga sama. Mai lafiya jikinta a cike yake, bayanta a ɗan zagaye, ƙashin bayan ba ya tsinkowa. Wadda ta rame da gaske za ka ga ƙashin baya ya fito ya yi tsini, gefunan sun zurma, fata ta yi laƙwas tana naɗewa, in ka ɗauke ta ba ta kama hannunka da ƙarfi. 'Yan ƙanana kuwa lissafinsu daban ne, wadda ta fito daga ƙwai nauyinta bai fi giram 50 zuwa 80 ba yawanci, ba ta da ajiyar kitsen da za ta ci a jikinta, ita in ta yi sati huɗu zuwa shida babu ci tana kuma raguwa ba a zuba mata ido.

Mataki na biyu, zafi

A nan mafi yawan matsalar take. Maciji ba ya ɗumama kansa, da zafin waje yake narkar da abinci, in ya ji wajen da sanyi ba zai ci ba don ya san abincin ruɓewa zai yi a cikinsa. Akwatin ya kasance da ɓangare biyu, ɓangaren ɗumi wajen digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Salshiyas, ɓangaren sanyi wajen 24 zuwa 27, da dare kuma kar ya faɗi ƙasa da 23 ko 24 ɗin nan. Ita za ta riƙa zirga-zirga tsakanin biyun yadda jikinta ke so.

Kuma ka auna, kar ka yi kirdado da tafin hannu. Waɗannan tamomita masu allura da ake liƙawa a jikin gilas yawancinsu ƙarya suke yi. Sami na dijital mai waya ka ajiye bakin wayar a ƙasa a cikin maɓoyar ɓangaren ɗumi, daidai inda cikinta ke kwanciya. In kana da irin tamomitan da aka riƙa nuna wa mutane a goshi lokacin korona zai yi, amma sai in yana da wajen sauyawa zuwa awon jikin abu, don awon goshi an saita shi ne don jikin mutum kuma zai ba ka lambar banza a kan ƙasan akwati.

Duk abin da ke ba da zafi, tabarmar ɗumi ce ta ƙarƙashin akwati ko fitila ce ta sama, dole a haɗa shi da tamostat mai kashewa da kunnawa da kansa. Babu tamostat, tabarmar nan takan wuce digiri 45 ta ƙona mata ciki, kuma abin haushi ba ta tashi daga wajen da wuri, sai ka ɗaga ta ka ga cikin ya yi ja ya yi bororo. Dutsen roban nan mai waya da ake sayarwa wai don ɗumi, ni dai ban ga amfaninsa ba, ƙuna kawai yake jawowa.

Wanda ke ajiye da ita a arewacin Najeriya ko Nijar matsalarsa biyu ce a shekara. Da hunturu dare kan yi sanyi sosai, ɗaki ya sauka ƙasa da digiri 20 musamman a wurare irin su Jos, ga wuta ba tabbas, sai mesa ta lafe ta daina ci tun daga Disamba. A nan sai ka mayar da akwatin ɗakin da ya fi ɗumi, nesa da taga, ka lulluɓe gefuna uku da bargo ka bar wajen shan iska, in an ɗauke wuta ka cika gora da ruwan ɗumi ka naɗe da tawul ka jingina a wajen akwatin ta ɓangaren ɗumi. Da bazara kuma abin juyawa yake, Afrilu ɗaki mai rufin kwano kan haura 38, babu ɓangaren sanyi ko kaɗan, kuma zafi ya fi sanyi saurin kisa. Lokacin kashe hita za ka yi gaba ɗaya, ka sauke akwatin ƙasa kan siminti a ɗaki mafi sanyi, kar rana ta taɓa shi ko na minti goma. Mesar da zafi ya dama za ka gan ta tana ta zagaye da rana tsaka ko ta shige kwanon ruwa ta ƙi fita, ita ma ba za ta ci ba.

Mataki na uku, maɓoya

Maɓoya biyu aƙalla, ɗaya a ɓangaren ɗumi ɗaya a na sanyi, kuma iri ɗaya, don kar ta zaɓi wadda ta fi so ta zauna cikin sanyi saboda ita. Abin da mutane ke kuskurewa shi ne girma. Sai mutum ya sayo ƙatuwar maɓoya mai faɗi don yana ganin gata ne, alhali ita matsatsi take so, ƙofa ɗaya, rufi ƙasa-ƙasa, in ta naɗe jikinta ya taɓa ko'ina. Kifaffen kasko ko baƙar roba da aka yanke wa ƙofa aka goge kaifin sun fi tsadaddun da ke buɗe gaba da baya. Sauran filin akwatin kuma a cika shi da tarkace, ganyen roba, guntun reshe, ɓawon itace, yadda za ta tashi daga nan zuwa can ba tare da ta ji a fili take ba. Ƙaramar mesa a babban akwati fayau ita ce ta fi kowa ƙin ci, kuma sau da yawa da an liƙe gefuna uku na gilashin da baƙar takarda an ƙara tarkace sai ka ga sati na zagayowa ta cafke.

Kar ka haɗa biyu a akwati ɗaya. In ka gan su a naɗe a kan juna ba soyayya ba ce, waje mai kyau suke takara a kai, kuma ɗaya za ta daina ci.

Laima ma a duba, wajen kashi 60 cikin 100 zuwa sama, lokacin saɓa har 70 ko 80. Da hunturu iskar gida takan bushe ƙarau, don haka shimfiɗa mai riƙe ruwa kamar ɓawon kwakwa ta fi, a zuba ruwa a kusurwa ƙasan ya jiƙa saman ya zauna a bushe, a rufe mafi yawan ragar saman akwatin. Kar dai ta riƙa kwanciya cikin jiƙaƙƙen waje don ɓawon cikinta zai fara ruɓa. Garin katakon da masu kaji ke shimfiɗawa ka bar shi, ba ka san itacen da aka yanka ba, ga ƙura, kuma man da ke cikin wasu itatuwa irin su sida yana cutar da numfashin maciji.

In launinta ya dushe, cikinta ya yi ɗan ja-ja, idanun suka koma fari-fari kamar da hazo a ciki, saɓa ce ke tafe. Ba ta gani sosai a lokacin, yawancinsu ba sa ci. Bar ta kawai, daga farko zuwa ta tuɓe rigar bai fi sati biyu ba.

Mataki na huɗu shi ne ya fi wa mutane wuya duk da ba ya cin ko sisi: cire hannunka. Sabuwar da ka kawo gida ka ba ta sati guda cur ba ɗauka ba hoto ba nuna wa baƙi, ruwa kawai za ka canza. Kar ka fara wasa da ita sai ta ci sau biyu ko uku a jere. Wadda ta shiga yaji ita ma a daina ɗaukarta sai ranar awo. Kuma kar ka riƙa kai mata ɓera kullum don jiya ta ƙi, wannan shi ke mayar da ƙin kwana bakwai ya zama na wata biyu, ta fara ganin ɓeran a matsayin abin da ke zuwa ya takura mata. In ta ƙi, ka jira kwana 7 zuwa 10, babba ma har sati biyu. Maganar cire ta a kai ta wani akwati daban don a ba ta abinci, wai don kar ta saba da cizo, a wajen ball python ba ta da amfani, ka ɗauke ta daga inda ta natsu ka kai ta baƙon waje sannan ka ce ta ci, bayan ta ci kuma ka sake ɗaukarta da cikakken ciki. A gidanta za ka ba ta.

Mataki na biyar, abincin kansa

Tambayi wanda ya sayar maka me take ci a wajensa, wane iri, mai rai ko daskararre, wane girma, har launi in ya sani. Suna da naci a kan abin da suka saba, akwai wadda ta saba da ƙananan fararen ɓeraye ba za ta kalli babban iri ba, akwai wadda ba ta taɓa ganin matacce ba. Fara ba ta abin da ta sani tukuna, in ta kama ci sai a canza a hankali.

Girma kuwa, kaurin ɓeran ya yi daidai da inda jikinta ya fi kauri ko ya ɗan gaza. In da sikeli za ka yi, 'yan ƙanana ana ba su abin da ya kai kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinsu duk kwana 5 zuwa 7, manya kuma kashi 5 ko sama kaɗan duk sati biyu ko uku ya ishe su. Da yawa daga cikin manyan da ake kuka sun ƙi ci ƙoshi ne kawai ya yi musu yawa, ana ta loda musu duk sati har wuya ya yi kitse. Wadda take yaji kuma in za a gwada, a rage girma, ƙaramin abu ya fi saurin jan ta.

Ga gargaɗin da ya shafe mu mu da ke wannan yankin. A Amurka da Turai in mesa ta yi taurin kai masu kiwo sukan nemo mata ɓeran Afirka mai laushin gashi mai nonuwa da yawa, Mastomys natalensis, wanda suke kiwo a keji, don yana cikin abincinta na asali kuma ƙamshinsa kan tayar mata da sha'awa. To wannan ɓeran dai shi ne mai ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa a Afirka ta Yamma, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, kuma ta fitsarinsa da kashinsa da jininsa ake ɗauka. Don haka kar ka karanta shawararsu ka je ka ɗana tarko a rumbu ko a sito. Ɓeran gida ko na gona bai dace ba ko ta wace fuska, ga Lassa a kanka da iyalinka, ga tsutsar ciki a kan mesar, ga kuma yiwuwar ya ci maganin ɓera a maƙwabta ya shigo yana tangaɗi ka ce ka samu banza. Nemi masu kiwon fararen ɓeraye ka saya a wajensu, ko ka kiwata da kanka.

Yadda ake shirya daskararre, a nan zan daɗe don nan ake yawan ɓata abin. Ciro shi daga firiza tun daren jiya ka sa a leda mai zif ka bar shi a firji, ko ka tsoma ledar a ruwan sanyi na wasu awanni. Ka matsa cikinsa da yatsa ta bayan leda, in ka ji tauri ko sanyi a tsakiya bai yi ba, mesa ta haɗiye mai ƙanƙara a ciki amai za ta yi. Bayan ya saki sai ka tsoma ledar cikin ruwa mai zafin da hannunka zai iya jurewa, ba tafasasshe ba, na minti 10 zuwa 15, in ruwan ya huce ka sake. Abin da kake nema jikin ɓeran ya kai wajen digiri 37 zuwa 40, zafin mai rai. Kar ka sa a maikurowef, waje zai dahu ciki ya fashe. Dalilin duk wannan wahala, duba leɓenta na sama za ka ga 'yan ramuka a jere, da su take jin zafin jikin abin farauta a cikin duhu, ɓera mai sanyi a wajenta kusan babu shi. In kana da diraya ta gashi ka hura kan ɓeran na 'yan daƙiƙu a kusa da akwatin, kan ya fi jiki zafi don ta kama ta kai, ƙamshin kuma ya cika ɗakin ta fara shiri tun kafin ka buɗe.

Bayan magariba ko isha za ka ba ta, fitila a kashe ko a rage, ɗaki shiru. Kama ɓeran da dogon hantsaki ta tsakiyar baya ko ƙugu yadda zai tsaya kamar yana tafiya, ba ta wutsiya yana lilo daga sama ba. Kawo shi ƙasa-ƙasa gaban ƙofar maɓoya, tazarar kamar tafin hannu, ka ɗan girgiza shi kaɗan ka tsaya. Yanzu kalli ta. In kai ya leƙo, harshe na fita da sauri-sauri, wuya ya lanƙwashe ya ja baya, kan yana bin ɓeran duk inda ka kai shi, to ka daure ka riƙe, wani lokacin sai ta yi minti uku a haka kafin ta kawo sara. In ta cafke ta naɗe, ka ɗan ja ɓeran kaɗan sau biyu don ta ji kamar yana motsi ta ƙara matsewa, ka saki, ka rufe, ka fita daga ɗakin. Kar ka tsaya kana haska waya, da yawa sukan saki abinci saboda kallo. In kuwa ta janye kai ta cusa shi cikin jiki, ko tana kauce wa ɓeran, an gama na yau. Kar ka riƙa dungurar hancinta da shi, tsoro kawai kake koya mata.

Kafin ka zubar, ajiye shi a kan murfin roba a bakin maɓoyar ka bar shi ya kwana, akwai masu kunyar da ba sa ci sai kowa ya yi barci. In gari ya waye yana nan, a jefar, ba a mayar da shi firiza. Haka in wuta ta daɗe ba ta zo ba kayan firizar suka saki suka sake daskarewa, ka haƙura da su. Robar da kake jiƙa ɓera da hantsakin kar su haɗu da kayan girki, ka kuma wanke hannu da sabulu, daga ɓeran har macijin suna iya ɗaukar salmonela, ƙwayar cutar da ke sa mutum gudawa.

In duk an gyara ta ci gaba da ƙi

Sai a fara dabaru, ɗaya a kowane gwaji, ba duka a dare ɗaya ba don ka san wacce ta yi aiki. Canza iri, daga babban ɓera zuwa ƙarami ko akasin haka. Canza launi, wasu ba sa son fari. Goga ɓeran a shimfiɗar kejin wani irin ɓeran don ya ɗauki ƙamshi. Gwada ɗan tsako ko ƙaramar salwa, kuma wannan ba shaci-faɗi ba ne, binciken da Luiselli da Angelici suka buga a 1998 a kan waɗanda ke jeji a kudu maso gabashin Najeriya ya nuna mazan sun fi cin tsuntsaye, matan kuma sun fi cin ɓeraye da danginsu, mazan ma sun fi hawa bishiya. Saboda haka namijin da ya raina ɓera yana iya rugowa kan ɗan tsako. Sai dai kashinta zai yi ruwa-ruwa da wari bayan tsako, kar ka ɗauka ciwo ne. Wasu kan tsoma kan ɓeran a romon kaza marar gishiri marar albasa. Akwai kuma huda kan ɓeran da allura ko reza har ɗan ƙwaƙwalwa ya fito a shafa a hancinsa, ba daɗin gani amma yana aiki.

Wanda aka kashe yanzu-yanzu yana da ɗumi shi ne mataki na gaba. Mai rai shi ne na ƙarshe, kuma in za ka ba da shi ka tsaya a wajen da hantsaki a hannu, minti 15 in ba ta kama ba ka cire. Kar ka taɓa barin ɓera mai rai ya kwana da ita. Ita in ba ta jin yunwa dunƙulewa kawai za ta yi ba za ta kare kanta ba, ɓeran kuma zai zauna ya gaigaye mata baya har ƙashi, likitocin dabbobi sun sha ganin irin wannan.

Akwai yajin da babu dabarar da za ta karya shi. Balagaggen namiji daga wajen Oktoba zuwa Fabrairu ko Maris hankalinsa na kan mace, sai ya yi ta zagaye akwati da dare ya ƙi komai, a jeji ma a ƙarshen shekara suke barbara matan su yi ƙwai wajen Fabrairu zuwa Afrilu. Mace mai ƙwai a ciki ita ma takan daina ci. Sannan masu kiwo sun daɗe da lura cewa matasan mata in sun kusa kilo 1 sukan tsaya cak na wani lokaci. In nauyi na nan, ido garau, harshe na aiki, tana shan ruwa, ka riƙa gwadawa duk sati biyu ko uku da ƙaramin abu don kar ka yi ta asarar ɓeraye, wata rana za ta karɓa kamar ba ita ba.

Amai daban ne da ƙin ci, kuma ya fi shi hatsari. In ka tarar da ɓeran a waje ya yi yauƙi yana wari kwana ɗaya zuwa uku bayan ta ci, yawanci sanyi ne, ko an ɗauke ta da wuri, ko abincin ya yi girma. Shi ya sa ake cewa awa 48 bayan ci ba a taɓa ta. Kar ka sake ba ta komai sai bayan sati biyu don maƙogwaro da cikin su warke, ka gyara zafi, sannan ka ba ta rabin girman da ta saba. In ta sake yi karo na biyu, likita kai tsaye, don akwai cututtukan ciki irin su kiriftosforidiya da amai ne alamarsu.

Alamun da ba a jira da su

Numfashi mai fito ko ƙara, kumfa ko yauƙi a baki da hanci, buɗe baki don shan iska, ɗaga kai sama na dogon lokaci, wannan ciwon huhu ne, wani na ƙwayar bakteriya wani na bairos irin nido da ke yaɗuwa tsakanin mesoshi, don haka in kana da wasu ka ware ta nan take. Dasashi ya kumbura ya yi ja ko ka ga wani abu kamar cuku a gefen baki, ruɓewar baki ce. Birkicewa, kasa juyowa in an kwantar da ita rigingine, kumburi a wani sashe na jiki, kashi mai jini ko ruwa zalla, duk na likita ne. Banda irin mesoshin nan masu zanen jiki da ake kira sifaida, su da rawar kai ake haifarsu, sukan kai sara su kuskure, sai a riƙe musu ɓeran kusa kuma a tsaye.

Ƙwarin jiki kuma ka neme su da kanka. Shafa ta da jiƙaƙƙen farin tishu daga wuya zuwa wutsiya ka duba, ka leƙa gefen idanu da tsagar da ke ƙarƙashin haɓa, ka duba ƙasan kwanon ruwa. 'Yan ɗigo baƙaƙe masu motsi, in ka murƙushe su bar jini, su ne. Suna shan jininta suna hana ta sukuni, shi ya sa take kwana a ruwa. Kar ka fesa mata maganin sauro ko na kyankyaso, zai iya kashe ta, a mayar da shimfiɗa farar takarda a nemi maganin da likita ya ce.

Wadda aka kamo daga jeji, kuma a kasuwanninmu irin su ne suka fi yawa, ita ce ta fi kowa wahalar ci. Takan zo da kaska a jiki, tsutsa a ciki, ƙishirwa, ga firgici, babba ma tana iya yin watanni ba ta kalli farin ɓera ba don ba ta san shi ba. A ware ta daga sauran na kwana 60 zuwa 90, a kai ɗanyen kashinta a leda wajen likitan dabbobi a duba a madubin likita kafin a ba da maganin tsutsa, don awon maganin da nauyinta ake yi kuma wanda ake ba tumaki ba lallai ya dace da ita ba. In kana da zaɓi tun farko sayi wadda aka ƙyanƙyashe a gida wadda mai ita zai nuna maka ta ci sau da dama.

Saura maganar ɗura. Mutane na gaggawar zuwa nan, su ga bidiyo su kama kan maciji su tura ɓera da biro, a ƙarshe a karya haƙora a yaga maƙogwaro, ta amayar, ta ƙara tsanar abinci. Babba mai ƙiba ba ta buƙatar ɗura ko ta yi wata biyar. Inda ake tunaninta shi ne jaririyar da ta yi saɓar farko, an gwada komai na makonni, tana ta raguwa. A nan ma akwai mai sauƙi, a buɗe bakin a hankali da hancin jiƙaƙƙen ɗan ƙaramin ɓera, a sa kan kawai a ciki, a ajiye ta a tsaya cak ba motsi har ta ci gaba da haɗiya da kanta, in ta tofar sau biyu a bari sai wani satin. Wanda ya taɓa yi ne zai nuna maka da hannu karon farko. Ɗura ta gaske da ake zura roba har ciki a tura abinci mai ruwa kuwa aikin likita ne, kuma in za ka je wajensa ka tafi da littafin nan na awo da lambobin zafi da laimar akwatin, har da hoton akwatin gaba ɗaya a waya, don su zai fara tambaya.